Kasafin Shekara Bakwai Na Tarayyar Turai: Su Wa Ke Zaune A Kwamitin?

A ranar 16 ga watan Yulin shekarar 2025 ne Hukumar Zartarwa ta Tarayyar Turai, a ƙarƙashin jagorancin Uwargida Ursula von der Leyen, ta gabatar da daftarin kasafin kuɗin ƙungiyar na dogon zango, wanda ake sa ran zai fara aiki daga watan Janairun 2028 har zuwa ƙarshen 2034. Kuɗin da aka ambata ya kusa Yuro tiriliyan 2, kuma daga cikinsa an ware Yuro biliyan 200 domin hulɗa da ƙasashen waje, wato aljihun da tallafin da ake bai wa ƙasashen Afirka yake fitowa. Kamar yadda aka saba, hankalin kafofin watsa labarai ya fi karkata ga shugabannin ƙasashe, waɗanda kan kwana suna ja-in-ja a birnin Brussels kafin su fito da jajayen idanu su shaida wa duniya cewa sun daidaita. Amma a ganin wannan jarida akwai wani wurin da ya kamata a zuba wa ido tun kafin a kai ga wannan mataki, wato kwamitin Majalisar Dokokin Turai da ke tsara matsayin majalisar a kan kasafin. Su wane ne ke zama a cikinsa, ta yaya suka samu kujerunsu, kuma muradun wa suke ɗauke da su?

Domin mai karatu ya fahimci muhimmancin wannan tambaya, sai mun ɗan waiwayi baya. A shekarun 1970 da 1980 kasafin kuɗin ƙungiyar kan zama abin rigima kusan kowace shekara, har ta kai majalisar ta yi fatali da shi baki ɗaya a watan Disamban 1979, ta kuma sake yin haka a Disamban 1984. Wannan ne ya sa a shekarar 1988, zamanin da Jacques Delors ɗan Faransa ke shugabantar Hukumar, aka ɓullo da tsarin tsayar da iyakar abin da za a kashe a kowane fanni na tsawon shekaru da yawa. Na farko ya yi shekara biyar, daga 1988 zuwa 1992, daga nan kuma aka koma yin na shekara bakwai-bakwai. Har yanzu ana yin kasafin shekara-shekara, sai dai ba shi da ikon tsallake iyakokin da babban kasafin ya gindaya.

Yarjejeniyar Lisbon, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Disamban 2009, ta mayar da wannan tsari doka. Sashe na 312 ya tanadi cewa dukkan ƙasashe membobi sai sun amince baki ɗaya, babu wadda za a bari a baya, sannan kuma dole a samu yardar majalisar da rinjayen dukkan membobinta. Tun da majalisar da aka zaɓa a watan Yunin 2024 tana da kujeru 720, ana bukatar ƙuri'u 361. Abin lura a nan shi ne, ranar da aka kawo kasafin zauren majalisa domin ƙuri'ar ƙarshe, babu ɗan majalisar da zai iya ƙara ko rage ko da kwabo. I ko a'a kawai ake nema daga gare su. Saboda haka duk wani tasiri da majalisar za ta yi, sai ta yi shi tun da wuri, a lokacin da ake rubuta matsayinta da kuma lokacin da ake ciniki da gwamnatoci. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. A nan, ranar ginin ita ce ranar da aka raba kujerun kwamiti.

Majalisar ta gane haka tun da daɗewa. A watan Satumban 2004, 'yan watanni bayan shigar sababbin ƙasashe goma da suka mayar da ƙungiyar mai membobi 25, ta kafa kwamitin wucin gadi mai mutum 50 domin ya duba kasafin 2007 zuwa 2013. Shugaban majalisar da kansa, Josep Borrell ɗan ƙasar Sifen, shi ne ya jagoranci kwamitin, abin da ba a saba gani ba, yayin da aka ɗora wa Reimer Böge na Jamus nauyin rubuta rahoto. Tun kafin nan, a Disamban 2003, ƙasashe shida masu zuba kuɗi fiye da abin da suke karɓa, wato Jamus, Faransa, Birtaniya, Holand, Ostiriya da Suwidin, sun rubuta wasiƙa suna neman kada kasafin ya wuce kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da ƙasashen ƙungiyar ke samarwa. Kwamitin ya nemi kimanin Yuro biliyan 975. Shugabannin da suka taru a Disamban 2005, lokacin da Tony Blair ke riƙe da shugabancin karɓa-karɓa, suka tsaya a kan biliyan 862. Majalisar ta ƙi amincewa da wannan a watan Janairun 2006, kuma bayan watanni ana ciniki ta samu ƙarin kimanin biliyan 4 kafin a sa hannu a watan Mayu.

An sake bin wannan hanya a shekarar 2010, lokacin da majalisar ta kafa wani kwamiti na musamman da ake kira SURE a taƙaice, shi ma mai mutum 50, aka ba shi wa'adin shekara guda. Uwargida Jutta Haug, 'yar jam'iyyar gurguzu ta Jamus, ita ce ta shugabance shi, shi kuma Salvador Garriga Polledo, ɗan jam'iyyar masu ra'ayin mazan jiya daga Sifen, ya rubuta rahoton. Wannan lokaci ne na tsananin matsin tattalin arziki a Turai, kuma a Disamban 2010 shugabannin Birtaniya, Jamus, Faransa, Holand da Finlan sun rubuta tasu wasiƙar suna neman a daskarar da kasafin. Duk da haka, rahoton da majalisar ta amince da shi ranar 8 ga Yunin 2011 ya nemi ƙarin aƙalla kashi biyar cikin ɗari a kan abin da aka tsara wa shekarar 2013, ya kuma ƙalubalanci gwamnatoci cewa idan ba su yarda ba, to su fito fili su faɗi ayyukan da suke son a soke.

Idan adadin kuɗi kaɗai za a duba, kwamitin SURE bai yi nasara ba. A watan Fabrairun 2013 shugabannin suka daidaita a kan Yuro biliyan 960 domin 2014 zuwa 2020, karo na farko a tarihin ƙungiyar da aka rage kasafin maimakon a ƙara. Majalisar ta yi tirjiya a watan Maris, amma a Nuwamba ta amince. Sai dai aikin kwamiti irin wannan ba a auna shi da abin da aka samu nan take kawai. A cinikin 2013 majalisar ta samu alkawarin sake duba kasafin a tsakiyar wa'adinsa, ta kuma samu kafa wani babban kwamiti a ƙarƙashin tsohon Firaministan Italiya, Mario Monti, domin nemo wa ƙungiyar sababbin hanyoyin samun kuɗin shiga. Daga 1 ga Janairun 2021 aka fara karɓar kuɗi daga ƙasashe membobi a kan sharar roba da ba a sake sarrafawa ba. Haka nan kiran da majalisar ta daɗe tana yi na a shigar da Asusun Raya Ƙasashe na Turai cikin babban kasafi ya tabbata a wannan shekara. Abin da mutum hamsin suka rubuta a 2011 ya ci gaba da yin tasiri shekaru goma bayan an rushe kwamitinsu.

To, ta yaya ake samun kujera a irin wannan kwamiti? Dokokin majalisar sun tanadi cewa kowane kwamiti ya kasance, gwargwadon iko, hoton majalisar baki ɗaya. 'Yan majalisar ba sa zama ƙasa-ƙasa, a'a, suna zama ne cikin gungun jam'iyyu masu aƙida iri ɗaya daga ƙasashe daban-daban, kuma kowane gungu ne ke naɗa mutanensa bisa yawan kujerunsa. Muƙaman shugabancin kwamitoci kuwa ana raba su da wani tsarin lissafi mai suna D'Hondt, sunan wani masanin shari'a ɗan Beljiyam, wanda ke bai wa manyan gungu damar fara zaɓa. Lokacin da aka buɗe majalisar a watan Yulin 2024, gungun masu ra'ayin mazan jiya na EPP yana da kujeru 188, na 'yan gurguzu yana da 136, sannan gungun masu tsananin kishin ƙasa da ƙyamar baƙi da ke kiran kansu Patriots ya zo na uku da kujeru 84. Sauran manyan gungu sun haɗa kai sun hana wannan gungu muƙaman shugabancin kwamitoci, amma kujerunsa na zama da ƙuri'unsa suna nan daram a kowane kwamiti.

Sanin kowa ne cewa ɗan majalisa yana da iyayen gida biyu, jam'iyyarsa da kuma ƙasarsa, kuma a kan maganar kuɗi ƙasa ta fi yawan rinjaye. Ɗan majalisa daga Holand ko Suwidin, inda jama'a ke ganin suna biya fiye da kima, ba zai kalli kasafin da ido ɗaya da ɗan'uwansa na jam'iyya daga Polan ko Romaniya ba, inda kuɗin Tarayyar ke gina hanyoyi da gadoji. Ɗan Faransa kuwa da wuya ya yarda a taɓa tallafin manoma. Jamus tana da kujeru 96 a majalisar, Faransa 81, Italiya 76, yayin da ƙaramar ƙasa kamar Malta ke da shida kacal, ga kuma kwamitoci sun fi ashirin. Babu wata doka da ta lamunce wa kowace ƙasa kujera a kowane kwamiti. Ke nan tun daga ranar da gungun jam'iyyu suka miƙa sunayen mutanensu, mai lura zai iya hasashen fannonin da za su samu masu kare su da waɗanda za a bari su kare kansu.

A zagayen da ya biyo baya, majalisar ba ta kafa kwamiti na musamman ba. Kwamitin kasafin kuɗi na dindindin ne ya ja ragamar aikin, sauran kwamitoci suka aika masa da ra'ayoyinsu a rubuce. Da aka zo cinikin ƙarshe a shekarar 2020, mutum shida ne suka wakilci majalisar: Johan Van Overtveldt na Beljiyam, shugaban kwamitin, da Jan Olbrycht na Polan, da Margarida Marques da José Manuel Fernandes, dukansu daga Fotugal, da Valérie Hayer ta Faransa, da kuma Rasmus Andresen na Jamus. Shugabannin ƙasashe sun riga sun shafe kwana huɗu a watan Yuli suna kai ruwa rana, suka fito da kasafin Yuro biliyan 1,074, tare da asusun farfaɗowa daga annobar korona na biliyan 750. Waɗannan mutum shida sun yi ƙoƙari, domin sun ciwo ƙarin biliyan 16, inda biliyan 15 daga ciki ya tafi ga wasu shirye-shirye da majalisar ta fifita.

Yadda aka raba wannan biliyan 15 shi ne abin dubawa. Binciken kimiyya ya samu biliyan 4, shirin kiwon lafiya na cikin Turai ya samu biliyan 3.4, shirin musayar ɗalibai na Erasmus ya samu biliyan 2.2. Babban asusun hulɗa da ƙasashen waje, wanda shugabannin suka riga suka zaftare a watan Yuli, biliyan 1 ya samu, agajin gaggawa kuma rabin biliyan. Ba mu zargin kowa da mugun nufi. Jami'o'i, ɗalibai, manoma da gwamnatocin yankuna duk suna da ƙuri'a, suna da ofisoshi a Brussels, suna da 'yan majalisar da za su kira a waya. Manomin da ke jiran madatsar ruwa a yankin Sahel ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. A wurin rabon nama, wanda ba shi da wakili ƙashi yakan tarar.

Wannan shi ne dalilin da ya sa maganar ta shafe mu kai tsaye. Tun daga ƙarshen shekarun 1950 har zuwa 2020, mafi yawan tallafin da Turai ke bai wa ƙasashen Afirka, Karibiyan da Fasifik yana fitowa ne daga Asusun Raya Ƙasashe, wanda ke wajen babban kasafi, a ƙarƙashin yarjejeniyoyi irin su ta Lome ta 1975 da ta Kwatano ta 2000. Zagaye na ƙarshe na wannan asusu, daga 2014 zuwa 2020, ya kai Yuro biliyan 30.5. Daga 2021 aka haɗe shi da wasu asusai aka yi babban asusu guda na Yuro biliyan 79.5, wanda aƙalla biliyan 29 daga ciki aka keɓe wa Afirka kudu da Sahara. Daga wannan aljihu ne aka ware wa Ghana Yuro miliyan 203 domin shekarun 2021 zuwa 2024, aka ware wa Nijar miliyan 503, kafin juyin mulkin watan Yulin 2023 ya sa Tarayyar ta dakatar da tallafin da take zubawa a kasafin gwamnatin ƙasar. Amfanin haɗewar shi ne yanzu majalisar tana da ikon sa ido a kan kuɗin. Illarta kuwa ita ce kuɗin Afirka ya shiga kasuwa ɗaya da tallafin manoman Turai da tsaron iyakoki, kuma masu saye da sayarwa a wannan kasuwa su ne membobin kwamitin da muke magana a kai.

Bugu da ƙari, sharuɗɗan da ake ɗaura wa kuɗin sun fara nauyi fiye da adadinsa. A taron Valletta na watan Nuwamban 2015 aka kafa asusun gaggawa domin Afirka da nufin rage kwararar baƙin haure, wanda daga baya ya kai kimanin Yuro biliyan 5. A wannan shekara ce Nijar ta kafa dokar da ta haramta jigilar baƙin haure, kuma mutanen Agadas da sana'arsu ta dogara a kan wannan hanya sun san irin halin da suka shiga, har zuwa lokacin da gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwamban 2023. Asusun da ya fara aiki a 2021 ya keɓe kimanin kashi goma cikin ɗari domin al'amuran ƙaura. Shi kuwa daftarin watan Yulin 2025 ya ƙara taku, domin ya ba da damar a dakatar da kuɗi ga ƙasar da ba ta ba da haɗin kai wajen karɓar 'yan ƙasarta da aka koro daga Turai. Duk mai ɗa ko ƙane a Hambog ko Nafoli ya san abin da wannan jimla take nufi. Ko za ta tsira yadda take, ko za a sassauta ta, ko za a ƙara tsananta ta, ya dogara sosai a kan waɗanda ke zaune a kwamitocin da za su yi aiki a kan dokar.

Akwai masu cewa babban kwamiti ɓata lokaci ne, tun da na 2004 da na 2010 duk sun nemi da yawa sun samu kaɗan, alhali mutum shida na 2020 sun fi su ciwo kuɗi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin ba a ciniki da mutum hamsin a ɗaki ɗaya. Amma aikin biyu ne daban-daban. Ƙaramar tawaga tana zuwa ne ta kare matsayin da aka riga aka tsayar, shi kuma babban kwamiti shi ne wurin da ake tsayar da matsayin, inda mai kula da noma da mai kula da raya ƙasashe da mai kula da tsaro za su zauna fuska da fuska kowa ya kare fanninsa da ƙuri'arsa. Ra'ayin da aka aiko a takarda ana iya karanta shi a ajiye, amma mutumin da ke zaune da ƙuri'a a hannu dole a saurare shi.

Wasu kuma za su ce kuɗin na masu biyan haraji ne a Turai, don haka su ne ke da ikon cewa ga yadda za a kashe shi. Ba mu musa wannan ba, kuma ba muna neman a bai wa 'yan Afirka ƙuri'a a majalisar wasu ba ne. Sai dai Tarayyar Turai da bakinta take kiran dangantakarta da Afirka haɗin gwiwa, ta kuma sa hannu a kan haka a yarjejeniyar Samowa a watan Nuwamban 2023, wadda ta gaji ta Kwatano. Idan da gaske haɗin gwiwa ne, bai kamata abokin tarayya ya riƙa jin labarin sharuɗɗan da aka gindaya masa bayan an gama buga hatimi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Har ila yau akwai wata matsala da ta shafi su kansu Turawan. Wa'adin majalisar shekara biyar ne, kasafin kuma shekara bakwai. Majalisar da aka zaɓa a 2024 ita ce za ta yanke hukunci a kan kasafin da zai kai har 2034. Wadda za a zaɓa a 2029 za ta yi wa'adinta kaf cikin iyakokin da ba ita ta tsayar ba. Kwamitin SURE ya tayar da wannan magana tun 2011, inda ya nuna bukatar a daidaita wa'adin kasafin da na majalisar, amma har daftarin 2025 shekara bakwai aka sake kawowa. Tun da haka ne, nauyin da ke wuyan waɗanda ke riƙe da alƙalami a wannan zagaye ya ninka, domin suna yanke hukunci ne a madadin masu zaɓen da ba su kaɗa ƙuri'a ba tukuna. Majalisar ta ɗora wannan nauyi a kan mutum biyu, Siegfried Mureșan na Romaniya daga gungun EPP da Carla Tavares ta Fotugal daga gungun 'yan gurguzu, waɗanda rahotonsu na farko ya samu amincewar majalisar a watan Mayun 2025. Ya kamata sunayensu su zama sanannu ga duk wanda kasafin ya shafa.

Saboda waɗannan dalilai, muna kira ga Majalisar Dokokin Turai da ta tabbatar cewa a duk tawagar da za ta tura ciniki, kwamitin raya ƙasashe yana da murya ta gaske a kan duk abin da ya shafi kuɗin waje. Muna kuma ganin ya dace ta mayar da kafa babban kwamiti irin na 2004 da 2010 al'ada a farkon kowane zagaye, a tabbatar ƙananan ƙasashe da fannonin da ba su da masu ƙuri'a sun samu wurin zama. Tun shekarar 2019 dokokin majalisar suka wajabta wa shugabannin kwamitoci da masu rubuta rahoto su bayyana ganawar da suke yi da masu kamun ƙafa, aka kuma ƙara tsaurara wannan bayan badaƙalar cin hanci da ta ɓarke a Disamban 2022. Wannan ci gaba ne. Amma zaman cinikin ƙarshe tsakanin majalisar da gwamnatoci har yanzu a bayan ƙofa ake yin sa, kuma ya kamata a riƙa sanar da jama'a abin da kowane ɓangare ya nema da abin da ya saki.

Kiranmu na biyu ga gwamnatoci da 'yan majalisun Afirka ne. Ƙasashenmu suna da jakadu a Brussels, kuma yarjejeniyar Samowa ta tanadi majalisar haɗin gwiwa tsakanin 'yan majalisun Afirka da na Turai. Abin takaici ne a ce wakilai su je irin waɗannan tarurruka su karɓi alawus su dawo ba tare da sun san sunan mutumin da ke rubuta dokar da za ta shafi ƙasarsu ba. Sunayen membobin kowane kwamiti, da jam'iyyunsu, da ƙasashensu, duk a bayyane suke a shafin majalisar na intanet, kuma yawancin zaman kwamitoci ana nuna su kai tsaye. Kamfanonin Turai da ƙungiyoyin manoma ba sa jiran ranar ƙuri'a, tun ana rubuta daftari suke ƙwanƙwasa ƙofa. Babu abin da ya hana jakadun Afirka su haɗa kai su fitar da matsayi guda a kan sharaɗin mayar da baƙin haure, su kai shi gaban waɗannan mutane ɗaya bayan ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kira na uku ga 'yan'uwanmu mazauna Turai ne, a Jamus, Italiya, Beljiyam, Holand, Faransa da sauran ƙasashen ƙungiyar. Da yawa daga cikinsu sun samu takardar zama ɗan ƙasa, 'ya'yansu ma sun kai shekarun zaɓe. Su ne kaɗai daga cikinmu da ke da ƙuri'ar da ɗan majalisar Turai ke shakka. Ko wanda bai samu takardar ɗan ƙasa ba, muddin yana zaune a ɗaya daga cikin ƙasashen ƙungiyar, doka ta ba shi damar shigar da koke gaban majalisar a kan abin da ya shafe shi. Ƙungiyoyinmu na can sun ƙware wajen tara kuɗin biki da na kai gawa gida, kuma wannan abin yabo ne. Lokaci ya yi da za su ƙara da sanin wane ɗan majalisa daga ƙasar da suke zaune yake cikin kwamitin kasafin kuɗi ko na raya ƙasashe, su rubuta masa, su gayyace shi taronsu, su tambaye shi matsayinsa.

Daga ƙarshe, ba mu manta ba cewa maganin wannan damuwa na dindindin shi ne ƙasashen Afirka su kai matsayin da makarantunsu da asibitocinsu ba za su dogara a kan abin da wani kwamiti ya yanke a wata nahiya ba. Amma kafin a kai can, kuɗin yana nan, sharuɗɗansa suna nan, kuma kasafin da ke aiki zai ƙare ranar 31 ga Disamban 2027. Duk abin da aka rubuta a wanda zai gaje shi, da shi za a zauna har 2034, kuma wanda ya yi shiru a lokacin rubutu ba shi da bakin kuka ranar da aka fara aiki da shi. Muna fata masu ruwa da tsaki za su farka tun ƙofar kwamitin tana buɗe.